Gafakar Kwarin Marke

A garin Tiga, in ka ce kana neman Muhuyi mai albasa, sai a tambaye ka wanne, don masu albasa sun fi a ƙirga. Amma in ka ce Muhuyi mai littafi, ko baƙon jiya zai kai ka har ƙofar gidan.

Shekararsa talatin da huɗu, siriri ne, mai ɗan ranƙwafawa irin ta wanda ya daɗe yana sunkuyo. Karatun bokonsa iyakarsa sakandare a Bebeji, daga nan ya koma gonar ranin da mahaifinsa ya bari a bakin ruwa. Da an sallame sallar asuba zai ɗaure injin ban-ruwa a bayan babur, ya soka littafi a aljihun gaba. In ya isa sai ya tayar da inji, ya buɗe wa ruwa hanya, ya jingina da mangwaro, shi ke nan an rasa shi. Sau biyu ruwa yana cika masa gona ya gangara ta maƙwabci, gogan yana can wata duniya, sai da aka zo aka taɓa shi.

Ba ya zaɓen abin karantawa. Tarihi ne, labarin soyayya ne, littafin kiwon kaji ne, ko tsohon ƙamus da bango ya fita, duk nasa ne. Duk ranar da ya kai albasa Kano, ba ya dawowa sai ya bi ta wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Kowane littafi sai ya yi masa riga da takardar buhun siminti. Ba ya lanƙwasa shafi, tsinken tsintsiya yake sawa inda ya tsaya, kuma ba ya taɓa takarda da hannun da ya ci tuwo sai ya wanke da sabulu.

Aibinsa ɗaya ne, amma fa babba: ba ya ba da aro. Mutumin da zai cika maka kwando da albasa ya hana ka godiya, da ka miƙa hannu wajen littafinsa sai fuskarsa ta koma kamar an aiko masa da mutuwa. Abokai sun yi tsiya har sun gaji. A faɗi gaskiya, rowa ce, ko da shi yana kiran ta tattali.

A cikin duk abin da ya tara, akwai abu guda da ya fi ƙarfin sauran. Wata tsohuwar gafaka ce ta fata, irin wadda ake saka Alƙur'ani, amma ba Alƙur'ani ba ne a ciki. Mahaifinsa, Malam Haladu, yana saurayi aka zo aka gaya musu ruwan dam zai cinye ƙauyensu, Kwarin Marke. Kafin a kwashe su, sai ya bi garin gida-gida yana rubutawa da ajami: mai gida, matansa, 'ya'yansa, bishiyar da ke ƙofar gidan, inda rijiya take, da wanda aka binne a ina. Warƙa arba'in da ɗaya ya cika. Ranar da ciwo ya ci ƙarfinsa, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya ɗora gafakar a cinyar Muhuyi ya ce, "Ga garinmu nan."

Tun daga ranar, duk Juma'a in an sauko daga masallaci, Muhuyi kan rufe ƙofa ya zauna ya buɗe warƙoƙin ya zaga Kwarin Marke, garin da bai taɓa takawa ba. Bai gaya wa kowa ba. Ya san halin mutanensa: yau wannan tsoho zai ce a ba shi ya duba gidansu, gobe wancan zai ce bari ya kai wa 'yar'uwarsa a Kiru ta gani, daga nan sai labari. Har yayansa Tasi'u, da suke gida ɗaya, ya ɗauka izu ne na karatun marigayi.

Mutum ɗaya ya buɗe wa ciki, Saude, malamar Islamiyya da zai aura. Wata ranar Lahadi ya je zance, daɗin hira ya kwashe shi ya ba ta labarin gafakar. Ta ce, "Malam, warƙa arba'in da ɗaya a wuri guda, babu kwafi? Kawo mini in juye maka, rubutuna ba laifi. Ko kuma ka ɗauki hotonsu da waya."

"A waya? Kafin gari ya waye sun zaga duniya. Bari dai a gama biki, sai mu zauna ni da ke."

"Allah Ya kai mu," in ji ta, amma ta so ya ce to.

Da aka sa rana, dangin amarya suka turo mata uku ganin ɗaki. Suka zo da igiyar awo, suka yi sallama, suka tsaya turus a bakin ƙofa. Littattafai ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, bango uku, sai 'yar katifa a tsakiya. Babbar cikinsu ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! To ango, gadon a kan ilimi za mu kafa shi?"

Aka yi dariya, ban da shi. Ya san al'ada sarai: ango bango huɗu da ƙofa ne nasa, sauran na amarya ne. Ɗaki sai an miƙa shi fayau, ko allura babu, sannan 'yan jere su shigo da gado da kujeru da kwanuka su cika shi. Ya gwada roƙon a bar masa lungu ɗaya. Matar ta auna lungun da igiya a gabansa ta ce nan ne wurin madubi.

Kwana uku yana jidar kwalaye zuwa ɗakin da Tasi'u ke ajiye taki da iri. Ya jera bulo a ƙasa, ya shimfiɗa leda, ya barbaɗa maganin ɓera, amma hankalinsa bai kwanta ba. Kullum sai ya leƙa sau uku. Ya rame, abinci ba ya shiga, mutane suna ta zolayarsa wai ɗokin amarya ne. Gafakar kuwa ya ƙi haɗa ta da sauran. Ya rataye ta a wata ƙusa a bayan ƙofar ɗakin, da niyyar ita ce abu na ƙarshe da zai fita, a kafaɗarsa.

Ranar Talata Gwaggo Kubura ta sauka daga Doguwa. Ƙanwar mahaifinsa ce, an kai ta aure can tun tana budurwa, ba a ganinta sai biki ko rasuwa. Da yake mahaifiyar Muhuyi ta daɗe da rasuwa, ita ce uwar ango. Gajeruwa ce mai zafin nama, irin matan da ba sa iya ganin tsintsiya a jingine.

Laraba da safe tela ya bugo waya daga Kano, ya ce a zo a gwada babbar riga. Jere sai Alhamis, saboda haka Muhuyi ya ja ƙofar ɗakin, ya hau mota. Bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya tarar an share ɗakin, an wanke, ƙamshin turaren wuta yana tashi. Ya leƙa bayan ƙofa. Ƙusa ce kawai.

Ya fito tsakar gida. Gwaggo tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa.

"Gwaggo, sannu da aiki. Akwai wata gafaka a bayan ƙofa."

"Yauwa, ɗan nan, dama ina nemanka in yi maka faɗa. Kai da ake cewa mai ilimi, haka ake yi wa sunan Allah? Ina ɗaga ta gindin ya zube, takardu suka watse a ƙasa, duk sun tsufa sun mutu, wasu kamar garin rogo. Ni ban yi karatu ba, amma na san Bisimilla in na gan ta. Gobe mata za su cika ɗakin nan, mai tsarki da marar tsarki, a tattake ayar Allah a ɗakin aurenka? Durƙusawa na yi na tsince su ɗaya bayan ɗaya, ko ɓurɓushi ban bari ba."

"Suna ina, Gwaggo?"

"Na yi musu yadda Baffa mahaifinmu yake yi wa tsohon Alƙur'ani. Na naɗe su a farin ƙyalle, na ɗaura dutse, na ba Habu ya kai ruwa."

Bai ji sauran maganar ba. Ya figi babur, ko hula babu, ya nufi bakin dam. Habu ɗan kawunsa ne, masunci, ya same shi zaune a gefen kwalekwale yana ɗinkin koma.

"Ango da kansa! Lafiya?"

"Ƙunshin da Gwaggo ta ba ka."

"Ai tun hantsi na cika umarni. Can tsakiya na kai shi, ta ce in saka a saitin tsohon gari, wai nan ruwan ya fi zurfi, ba mai tayar da shi. Har addu'a na yi." Ya dubi fuskar Muhuyi, murmushinsa ya ɗauke. "Wani abu ne a ciki?"

"Za a iya nutso a wurin?"

"A wurin? Ko kifi sai mai ƙarfin hali. Kuma takarda ce fa, Muhuyi, tun safe."

Muhuyi ya tsaya yana kallon ruwan. Faɗi ne har iyakar gani, iska tana kaɗa shi a hankali, babu wata alama ko ɗaya. Baƙin ciki ya rufe shi. Ya so ya ji haushin Gwaggo, ya so ya ji haushin Habu, amma duk inda ya juya zancen, kansa yake dawowa. Sai da aka kira magariba ya juya gida.

Washegari da hantsi Gwaggo ta same shi zaune a kan bulo a ƙofar ɗakin taki, kokon da aka kai masa ya huce.

"Wai fushi kake da ni don na girmama sunan Allah? In Alƙur'anin Yaya ne ya dame ka, ai ladan yana can yana isa gare shi."

"Ba Alƙur'ani ba ne, Gwaggo."

Ya gaya mata duka, kansa a ƙasa. Yadda Malam Haladu ya bi gari gida-gida, da warƙa arba'in da ɗaya, da bishiyoyi da rijiyoyi. Tun yana magana ta nemi bulo ta zauna. Ya zaci salati za ta yi, ko ta ce ya yafe mata. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Gidanmu yana ciki?"

"Shi ne na bakwai."

"Da Inna mahaifiyarmu?"

"Da ita."

Ta gyara mayafinta. "Ina shekara biyar ta rasu. Mata ba sa zuwa maƙabarta, balle yarinya. Aka kwashe mu ban san inda aka sa ta ba. Na taɓa tambayar Yaya, ya ce ya ajiye mini, in na zo da natsuwa zai faɗa mini. Ban san a takarda yake nufi ba." Ta matso kusa da shi. "To faɗa mini. Ai ka karanta."

Ya karanta kuwa, ya fi sau ɗari. Ya rufe ido, yana ganin warƙar, yana ganin inda tawada ta ɗan malale a gefe. Amma wanda littafi ke hannunsa kullum ba ya wahalar haddacewa.

"Kusa da tsamiya ne," in ji shi. "Gabas da ita... ko yamma. Kusa da tsamiya dai."

"Tsamiya biyu ce a maƙabartar, ana hango su daga ƙofar gidanmu. Wacce?"

Ya buɗe ido, ya sunkuyar da kai.

Ta daɗe tana kallonsa, hawaye yana bin tamojin fuskarta, ba ta share ba.

"Shekara goma sha ɗaya tana hannunka, Muhuyi. Ka san ina raye. Na zo gidan nan suna, na zo ta'aziyya, na kwana a ɗakin da ke jikin naka. Ko sau ɗaya ba ka ce, Gwaggo zo ki ji ba?"



A daidai nan aka ji ƙugin mota a ƙofar gida, guɗa ta tashi. 'Yan jere ne suka iso da gado da kujeru. Uwar ango ce ke tarbar baƙi, babu mai yi mata. Gwaggo ta miƙe, ta goge fuska da gefen mayafi, ta tafi tana cewa, "Lale, lale, sannunku da hanya," da muryar da ba tata ba.

Can an jima aka aiko kiran ango. Matar nan mai igiyar awo ce, tana tsaye a tsakiyar ɗakin tana nuna bayan ƙofa. Ta ce durowar kaya nan za ta zauna, amma akwai wata ƙusa da ta tokare, a samo wanda zai cire.

"Bari, ni zan cire," in ji Muhuyi.

Ya karɓi guduma ya zare ta. Ya duba inda zai ajiye, bai ga wurin da yake nasa a ɗakin ba, sai ya saka ta a aljihun gaba, inda yake saka littafi.