Rijiyar da Baba ya ce a yashe

Shekarar da damina ta yi mana rowa, sojoji na kan mulki, rijiyar ƙauyenmu da ke arewa da Mayahi ta koma ba da laka. An yi mana alkawarin siminti daga Tasawa, muka yi ta jira har awaki suka fara mutuwa. Sai dattawa suka ce a yashe ta haka nan, a ƙara mata zurfi. Babana ne ke da ta cewa a kan rijiyar, don da shi aka gina ta. Mai shiga kuwa maigidana ne.

Ranar farko da ya fito bai iya cin tuwo ba. Ya ce mini daga sama jar ƙasa ce mai tauri, amma can ƙasa farin rairayi ne sako-sako kamar gari, kuma duk nauyin a kansa yake zaune. Ya soka sanda ta shige ba gardama. Ya buga bangon da tafin hannu, ya ji yana amsawa kamar ƙwarya. Rairayi kuma na ta zubo masa a wuya, alhali ba wanda ya motsa a sama.

Na ce, "To, ka hwaɗa ma Baba mana."

Ya ce, "Ni in ce ma surukina bai san rijiyarshi ba?"

Mutum ne da in ya hango Baba sai ya tuɓe takalmi ya sake hanya. Don haka ni na tafi da safe na faɗa. Baba ya ce, "Ke da ba ki taɓa shiga ba? In da magana, shi ya yi ta da bakinshi."

A bakin rijiya, gaban jama'a, Baba ya tambayi maigidana, "An ce kana tsoron bango?"

Haka ake tambayar mutum? Maigidana ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Yadda kunka gani, Baba." Ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka.

Kafin azahar bangon ya rufta. Ba wata ƙara mai yawa, ƙura ce kawai ta taso, igiya ta ƙi janyuwa. Aka yi ta tono, rairayi na komawa, har liman ya ce a bari. Nan aka yi masa salla.

Har yau ina jin haushi, na sojojin da simintinsu, na Baba, har da na mamacin. Amma abin da ya fi ƙona mini rai masu gaisuwa ne. Kowacce ta zauna sai ta ce, "Allah ya jiƙan shi, yaro mai kunya, bai taɓa musa ma surukinshi ba." Yabo suke yi.

Baba ya zo daga baya, ya tsaya bakin ƙofa, idonsa ja. Ya ce, "Ɗiyata, mi ya hana shi hwaɗa mini?"