Makarantar Inna, da Hannun da Na Saki

Da damunar bana mahaifiyata ta cika shekara sittin a ƙasa. Ba a rubuce na ajiye ba, domin lokacin da ta rasu Turawa ba su riga sun zo ba, mu kuma mutanen ƙauye ba mu san shekara mai lamba ba. Damuna nake ƙirgawa. Ina ɗan shekara goma sha huɗu aka kai ta makwancinta, yau ga ni da furfura har a gira, 'ya'yana mata duk sun wuce shekarun da ta yi a duniya. Amma duk sa'ad da na tuna ta, ni ne yaron, ita ce babba.

Gidanmu yana wani ɗan ƙauye ne kudu da Malumfashi, gidaje ba su fi goma sha biyu ba, kewaye da shingen ƙaya. Rabin maƙwabtanmu Maguzawa ne, gayya ɗaya muke yi da su. Yau wurin ya zama gonar auduga, ko kufai ba ka ganewa. Babu malami a garin. Mai son ɗansa ya yi karatu sai ya kai shi gari mai ganuwa, tafiyar rabin yini. Da na kai shekara shida Baba ya so ya kai ni, Inna ta ƙi. Zamanin mahara ne. Da an fara girbi sai ka ji an ce dawaki sun auka wa ƙauye kaza, sun kwashi mutane sun yi arewa da su. Ta ce masa, "Maigida, ni 'yar malami ce. Ɗan abin da ke kaina ya ishe su su fara. Ka bar mini su a gabana, in riƙa ganinsu."

Haka tsakar gidanmu ta zama makaranta, amma ba irin wadda kuka sani ba. Allo ɗaya ne a gidan kaf, na mahaifinta, ba ta bari mu taɓa shi sai ran Alhamis. Sauran kwanaki hannu ne yake karatu. Takan aike mu mu ɗebo yumɓu, mu kwaɓa, mu gina baƙaƙe kamar yadda yara ke gina shanun laka. Alif ya fi sauƙi, murza shi kawai za ka yi. Ita kuwa ba, baƙin da ke bin alif, sai ka lanƙwasa ta kamar ƙaramin jirgin ruwa, ka sa mata ƙwayar dawa ɗaya a ƙasa. Mu shanya su a rana, in sun bushe ta zube su a faifai ta ce, "Kai, miƙo mini mim." In ka miƙo wau, ba ta duka. Sai ta ce ka rufe ido ka shafa su biyun, ka gaya mata inda suka bambanta.

Ƙirga kuwa wajen gurzar auduga muka koye ta. Tana gurza, gurya tana zubowa, mu muna tara ta goma-goma. Bayan gida kowane yaro yana da kunya guda tasa. Kai za ka auna ta da takinka, kai za ka zaɓi irin da za ka shuka, kuma kullum safiya ka ƙulla ƙulli ɗaya a zare har ranar da tsiro ya leƙo. Da haka na san wake ya fi dawa gaggawa tun ban san wanke fuskata da kyau ba. Wasan da muka fi so shi ne na ganye. Sai ta tsinko ganye ta ɓoye a zane, ta ba ka ta ce, "Je ka nemo mini uwar wannan." Ba ka dawowa sai da ɗan reshe ko ɓawon itacen, ka faɗi sunansa da amfaninsa.

Gida kuwa ƙaruwa yake yi. Kusan duk damuna biyu sai an yi suna. Ban taɓa ganin bayan Inna ba goyo ba. Tana daka tana sauraron wani yana biya Fatiha, tana shayarwa tana duba baƙin da wani ya gina. Matan gari sukan yi mata dariya, su ce gidanta ya cika da tarkacen laka. Ita dai dabararta ɗaya ce: da ka iya abu, ya zama naka ne ka koya wa na bayanka. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ta kiran sunana, sai dai "kai wannan", amma ni ta fi ɗora wa kaya. Mu biyu maza muka fara zuwa, sannan aka haifi mace, aka sa mata Delu. Tun tana rarrafe aka ce tawa ce. Ni na koya mata alif. Tana da shekara shida ta fi mu duka sanin itatuwa, ga surutu, komai sai ta tambaya.

Wata ranar kaka da hantsi, dawa ta nuna ba a yanke ba, Inna ta ba Delu ganye. Delu ta sansana shi ta yi dariya ta ce, "Ɗinya ce, ta bakin rafi." Rafin bai fi kiran murya daga shingenmu ba. Inna ta dube ni ta ce, "Kai wannan, raka ta. Ka riƙe mata hannu." Shekarata goma.

Mun isa, ta karyo reshenta, muna tsintar 'ya'yan da suka faɗo, sai na ji ƙasa tana motsi. Mahaya uku ne suka ɓullo daga cikin dawar da ke ƙetaren rafi, fuskokinsu a naɗe. Na fizgi hannunta muka ruga. Ba mu yi nisa ba ta yi tuntuɓe ta faɗi. Na ja ta, ta kasa tashi da sauri, na waiga na ga kan doki. Sai na saki hannunta. Ba fizge ta aka yi ba, ba kuɓuce mini ta yi ba. Ni na buɗe yatsuna. Na faɗa cikin wata sarƙaƙiya na kwanta rub da ciki. Daga nan na ji ta tana cewa, "Yaya! Yaya Audu!" Sau uku ta kira. Na cusa baki a ƙasa don kada numfashina ya fito. Kafin mazan gari su fito da kwari da baka, ƙurar ma ta kwanta.

Da Inna ta tambaye ni, na ce mata Delu ce ta ƙi jin magana, ta bar ni ta yi gaba neman 'ya'yan itace, ban san sa'ad da aka ɗauke ta ba. Na ɗora laifin a kan yarinyar da ba ta nan balle ta ƙaryata ni. Inna ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Ni na aike ta." Ta ɗauko ruwan ɗumi ta zauna tana cire mini ƙayoyin da suka cika mini ƙirji da ciki, ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya bi fatake ya yi arewa har sau biyu yana tambaya, ya dawo hannu wofi. Makaranta ta mutu a gidanmu kwana arba'in. Baƙaƙen yumɓu suna nan a faifai, kaji suna takawa. Rannan da safe sai Inna ta tara mu, ta ce akwai karatun da ta manta. Ta ce, "Na koya wa Delu sunan itace ya fi talatin. Ban koya mata sunan garinmu ba. In an tambaye ta daga ina take, gida kawai za ta ce." Daga ranar, kafin a taɓa komai sai kowane yaro ya tashi tsaye ya faɗi sunansa, da na ubansa, da na kakansa, da sunan ƙauyenmu, da babban garin da ke kusa, da inda rana take fitowa in ka tsaya a ƙofar gida. Har mai shekara biyu sai ya gwada. Muka koma gini da shuka da ƙirga kamar da, amma ba ta sake ba wani ganye ba, ba ta sake aiken yaro waje da shinge ba.

Yanzu a Funtuwa nake zaune. Kullum safiya ina zaune a ƙofar gida yara suna wucewa zuwa makaranta, har da 'yan mata ƙanana, wata ita kaɗai, tana tafe tana waƙa, ba mai riƙe mata hannu. Nakan tambayi kaina abin da Inna za ta ce. Ina jin da farko zama za ta yi ta yi ta kallon hanyar nan, don ba ta taɓa ganin hanyar da uwa za ta saki ɗa a kanta ta koma ɗaki hankali kwance ba. Bayan nan kuma na san za ta leƙa ta tagar aji, ta ga yara arba'in a kan benci, kowa ya harɗe hannu a ƙirji, baki kawai ke motsi. Za ta ce, "To hannuwan nan fa, ajiyar wa ake yi da su?" Kwanan baya jikana ya karanta mini sunayen manyan kogunan duniya ba tuntuɓe. Na nuna masa itacen da muke zaune a inuwarsa, bai san marke ba ne. Ban raina karatunsu ba. Ni ma da tsufana na shiga ajin manya na koyi boko, da shi nake wannan rubutu. Amma akwai abin da yatsa ke riƙewa wanda kunne ke zubarwa, ita kuwa ta san haka ba tare da wani ya gaya mata ba.

Wani lokaci nakan ce da ta bar Baba ya kai mu gari, da Delu ba ta je rafi ranar ba. Wani lokaci kuma in ce da hanyar garin ce za ta cinye mu duka. Na juya maganar nan shekaru da yawa, ban same ta da gefen da za ta zauna ba. Na tabbata Inna ma ta juya ta har ƙarshenta.

Shekara huɗu bayan ɗauke Delu, Inna ta haifi na takwas, ba ta tashi ba. Ranar da za ta cika, da la'asar, ruwa yana yayyafi, ta sa aka kira ni. Ta ce, "Audu." Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar, har na waiga ina neman wanda ya kira. Ta ce in ci gaba da koya wa ƙannena, kada in bar ƙananan su tashi hannu sake. Na buɗe baki zan gaya mata gaskiya. Ta ɗora tafinta a kan bakina ta ce, "Abin da ya faru a rafi, ka bar shi a kaina. Yaro ne kai." Ban san iyakar abin da ta sani ba. Amma macen da ke duban ganye ta faɗi inda ya tsiro, da wuya a ce ta cire ƙaya a cikin yaro ba ta gane kwanciya ya yi ba.

Na cika mata alkawari. Ƙannena shida duk a hannuna suka fara karatu, su ma suka koya wa nasu. Yau zuriyarta ta bazu daga Kafur har Musawa, akwai malamai, akwai masaƙa, akwai ungozoma, kuma in ka shiga gidan kowannensu za ka tarar da yaro yana koya wa ƙaninsa wani abu, ba su san daga inda al'adar ta fito ba. Kabarinta ya ɓace a cikin gona, ban iya nuna shi. Abin da ya rage nata shi ne wannan, da kuma ni, da abin da ta ɗauke mini ta tafi da shi, wanda kuwa bai sauka daga kaina ba.

Da aka hana cinikin mutane, waɗansu da aka kwashe sun dawo, wasu da furfura, wasu da 'ya'yan da ba su jin Hausa. Na je duk inda na ji labarin an dawo. Delu ba ta ciki. Ban taɓa faɗa wa kowa abin da na rubuta a nan ba, ko matata da muka yi shekara arba'in tare. Na faɗa yau ne don an ce mini jarida tana zuwa inda ƙafata ba za ta ƙara kaiwa ba.

In tana raye, ta kai saba'in. Bahaguwa ce, tana da tabon ƙuna a gwiwar hannun dama, inda ta faɗa kan murhu tana koyon tafiya. Wataƙila an sake mata suna, wataƙila ba ta tuna komai. Wanda duk yake da tsohuwa irin wannan a gidansa, wadda ba a san asalinta ba, ina roƙonsa don Allah ya karanta mata wannan a hankali. Ya gaya mata an neme ta. Ya gaya mata ba ta yi rashin ji ba, ba ta yi laifin komai ba. Ya ce mata yayanta ya ji kiran, duka ukun, kuma ga shi yana amsawa.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka makwancinta. Delu kuwa ban san addu'ar da zan yi mata ba, ta masu rai ko ta waɗanda suka riga mu, saboda haka kullum nakan yi mata duka biyun.