Gwiwoyin Mama Mwanaidi Sun Huta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran surukata, Mama Mwanaidi Shemdoe, a ɗakinta da ke saman tudun garinmu. Sai yau na iya riƙe alƙalami.

Mama, shekara arba'in kina gangarawa da kwandon kabeji da tumatir a ka zuwa kasuwar Soni, ki hawo da gishiri da kananzir. Lokacin da nake da cikin fari kin tsayar da ni a tsakiyar gangare, kika ɗora kayana a kan naki. Ba ni kaɗai kika yi wa haka ba. Ranar jana'izarki mata da yawa sun ba ni irin wannan labarin.

Da gwiwoyinki suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, muka kai ki asibiti a Lushoto. Likita ya ɗaga hoton ƙashi, ya nuna mana wani farin layi mai kauri. Ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya taurare.

Kika ce, "To ɗana, in ƙashi ya yi tauri ai ƙarfi na ƙara ke nan?"

Ya ce, "A'a Mama, yanzu ƙashi ke gugar ƙashi."

Kika yi dariya. Daga shekarar ba ki ƙara ganin kasuwa ba. Ba ki taɓa kuka da ciwon ba, sai ranar da kika kasa kai goshinki ƙasa, kika fara salla a kan kujera.

Shekara shida ina gasa miki gwiwa da ruwan zafi, ina ɗaga ki ina kwantarwa. Na gaji, Mama, kuma kin sani. Wata rana na daka miki tsawa a kan kofin shayi. Kika dube ni kika ce, "'Yata, zauna ki miƙe ƙafa. Naki gwiwoyin ma sun fara, ina jin su." Ban nemi gafararki ba a ranar, ban nema ba har kika tafi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa wahalar nan ta zama kaffara, Ya yalwata kabarinki. Ina miƙa ta'aziyya ga mijina Shabani, da ƙanwarsa Mwajabu da ke Tanga, da matan gangaren Soni. Allah Ya ba mu haƙuri, ni kuma Ya yafe mini.