Goggo Dije da Sunayen Ciwo

Shekara tara ke nan da rasuwar Goggo Dije, yayar mahaifina, a ƙauyenmu da ke kusa da Taba. Ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Ni kuwa na ƙare makarantar Midil, ina kwaleji yanzu, amma har yau ban ga malamin da ya kai ta sanin inda kalma ta rabu da 'yar'uwarta ba.

A wurinta babu wani abu wai shi ciwo kawai. Wanda ke bugawa tare da bugun zuciya, kamar na ƙurji, zogi ne. Na ƙuna raɗaɗi ne. Kai sara yake yi, jiki ya yi tsami, ƙafa ta sage, maƙogwaro ya yi maƙaƙi. Idan mace ta kawo mata yaro ta ce ba shi da lafiya, Goggo ba ta taɓa ƙwaryar magani sai an faɗa mata sunan abin.

Hutuna na farko daga makaranta, lokacin da ake matsar rake, cikina ya kama. Ni mutum ne mai nauyin baki, kwana biyu ban gaya wa kowa ba. Da abin ya kayar da ni, Baba ya sa aka jiƙa filasko don ya wanke mini ciki. Ƙoƙon na hannunsa Goggo ta shigo.

"Ajiye tukuna, Audu," ta ce. Ta durƙusa kusa da ni. "Ɗan boko, murɗa yake ko suka?"

Na ce, "Ciwo yake, Goggo."

"Duk kuɗin fensir ɗin nan abin da aka koya maka ke nan? Murɗa yawo take yi, ta kama ta saki. Suka wuri ɗaya take zama. Wanne?"

Na saurari cikina, abin da ban taɓa yi ba. Na ce shekaranjiya murɗa ce a cibiya, yau kuwa suka ce, nan ƙasa ta dama. Ta danna wurin a hankali, ta ɗage hannu da sauri. Na yi ƙara.

Baba ya ce, "Yaya, ai duk ciwon ciki ne."

"Mai yawo nawa ne," in ji ta. "Mai zama na masu wuƙa ne. Zubar da wannan."

Ta karɓi ƙoƙon ta zubar da jiƙon da kanta. Aka ɗora ni a jaki zuwa bakin titi, motar mazarƙwaila ta kai mu Zariya. Bayan an yi mini aiki, malamin asibiti ya gaya wa Baba cewa wani ɗan hanji ne ya kumbura, da na sha abin wankin ciki da ya fashe. Ya tambayi wanda ya gane. Da aka ce wata tsohuwa ce a ƙauye, sai ya girgiza kai kawai.

Har yanzu abin na ba ni mamaki. Ba ta taɓa ganin cikin mutum a buɗe ba. Kunne kawai ta kasa wa marasa lafiya shekara da shekaru, ta lura da wace kalma ke warkewa a gida, wace ce ke kai mutum kushewa.

Kwanan baya na raka wani abokina ɗakin shan magani a Makarfi. Layi har waje. Kowa ya ce ciwo, a rubuta, a miƙa masa ƙwaya. Ban ga laifin ma'aikacin ba, shi kaɗai ne. Amma na tuna Goggo. Ina jin da za ta yaba ƙwayar, don ba ta raina abin da ke aiki, sannan ta bi layin nan ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Wanne?"

Ina da littafin da nake tara kalmominta, duk wadda na tuno ko na ji a bakin tsofaffin Ikara da Kudan. Wasu na rubuta su, amma wadda za ta bambance mini su ba ta nan.

Abin da ta bar mini tabo ne a ciki, da wannan tambaya. Na yi wa kaina ita a kan rashinta. Shekarar farko raɗaɗi ne. Yanzu zogi ne, Goggo. Allah Ya jiƙanki.