Rigar Yaya Isa

Kafin in zama abin da iyayenku ke nuna muku da baki, ni mutumin kirki ne. Ko kuwa dai dama ce ban samu ba tukuna. A Zinder, wato Damagaram, aka haife ni, gidan majema. Babanmu ya rasu ina ƙarami, wana Yaya Isa ya riƙe ni, da warin jima ya ciyar da ni. Da Nasara suka ce unguwarmu ta ba da yaro lakwal, makarantarsu ta boko, ni aka miƙa, don ba ni da amfani wajen fata. Ban yi nisa ba na gudu. Abin da na fito da shi "wi mushe" ne, wato "to, ranka ya daɗe" da Faransanci, da iya tsayawa gaban jama'a ba kunya. 'Yan unguwa suka sa mini suna Rabin Mushe, ni kuwa na ɗauka sarauta ce.

A zamaninmu, in ciwo ya kwantar da mutum, lokotoro ya ce sai an sayo allura, gidan kuma ba hali, ba a fita roƙo. Rigar majinyacin ake ɗauka a shimfiɗa a ƙofar masallaci bayan Juma'a. Talaka rigarsa ɗaya ce, kowa ya san ta. Ka gan ta, ka gane mai ita, ka jefa abin da ya sawwaƙa ka wuce. Ba a ambaci sunansa ba, balle ya ji kunya.

Ranar da aka shimfiɗa rigar maƙwabcinmu Malam Garba maɗinki, ni aka aika farmasi, tunda ni ne mai Faransanci. Na sayo allurar, canji ya rage, na ci kilishi da shi. Malam Garba ya warke sarai. Warkewar nan ita ta kashe ni. Da ya mutu da na ji tsoron Allah.

Daga nan kowace riga ni ke tsaronta, ni ke zuwa farmasi, kullum kuma allura na ƙara tsada a bakina. Da na ga marasa lafiyar unguwa ba sa isata, sai na fara sayen tsofaffin riguna wajen dillalai ina bin kasuwannin ƙauye. In shimfiɗa a Tirmini, in ce ta wani baƙo ce da ke kwance a likitar Zinder, wato asibiti, ba dangi. In kira sunan ciwonsa da Faransancin da ni kaina ban san ma'anarsa ba. Manoma sun sayar da gyaɗa, zuciya ta yi laushi, sai su yi ta jefawa. A Zermu wata tsohuwa ta ɗora kazarta a kan rigar, ƙafafu a ɗaure, ta ce a yi wa bawan Allah romo. An yi romon. Bawan Allahn da ya sha shi ne ke ba ku labari.

Yaya Isa ya ga na yi sabon takalmi. Ya kama hannuna ya sansana, ya ce, "Ƙane, wace sana'a ce ba ta barin wari a hannu?"

Na ce, "Ta masu ilimi, Yaya."

Ya sake ni ya koma kan fatunsa.

A kasuwar Droum asiri ya tonu. Na shimfiɗa wata shuɗiyar riga mai maho a kafaɗa, ina cikin bayani, sai wata mai sayar da ƙuli-ƙuli ta ajiye farantinta ta durƙusa tana shafa mahon. Ta ce, "Malam, a ina ka ce mai rigar nan yake?"

Na ce, "Yana likita, baiwar Allah, rai a hannun Allah."

Ta ce, "Ni na ɗinka mahon nan. Na sayar da rigar don in sayo masa allura, kuɗin bai kai ba. Bara muka binne shi."

Ba ta yi ihu ba. Mutanen kasuwa ne suka yi a madadinta. Jandarma suka ƙwace ni a hannunsu da ƙyar, aka kai ni gaban kwamanda. Na ce masa "wi mushe" da iyakar ladabi, ya yaba, ya tura ni gidan kaso fasa dutse.

Wa'adina ya cika a shekarar da aka sauke tutar Faransa. Gari ana ta kiɗa, kowa na cewa ƙasa ta dawo hannunmu. Ni na isa gida na tarar da Yaya Isa a kwance. Wuƙar jima ta yanke shi, hannun ya kumbura har kafaɗa. Matarsa Yaya Mariama ta riga ta sayar da tukwanenta da akuyarta. Na ce me ya hana a shimfiɗa riga?

Ta dube ni ta ce, "Wace riga? Tun da aka kama ka ba wanda ya sake shimfiɗawa. Ko an shimfiɗa dariya ake yi."

Ba wanda ya yarda ya kai, sai na kai da kaina. Rigar Yaya Isa ba ta ɓoyuwa, duk jirwayen bagaruwa ne. Aka sallame Juma'a, mutane suka riƙa kewaye ta kamar kwata. Wani yaro ya ce, "Rabin Mushe, wannan karon wa ya mutu?" Malam Garba maɗinki kaɗai ya tsaya. Ya ce, "Na san rigar. Hannun da ya shimfiɗa ta ma na san shi." Ya wuce ni ya kai wa Yaya Mariama abin da ke aljihunsa. Allura ɗaya kuɗin ya saya, ciwon kuwa ba na allura ɗaya ba ne.

Na naɗe rigar na koma. Yaya Isa ya buɗe ido ya ce, "An jefa?"

Na ce, "An jefa, Yaya."

Ya ce, "Ka gani ko? Mutanen Damagaram ba su lalace ba."

Bai kai wata Juma'ar ba. Wannan ce ƙaryata ta ƙarshe, ita kaɗai ce kuma ban ci komai a cikinta ba.

Na tuba, yarana, amma tubana ni kaɗai ya amfana, in ma ya amfane ni. Kuɗin da na ci ba su taka kara sun karya ba. Abin da na sace yardar mutane ce, kuma ba Yaya Isa kaɗai aka binne saboda rashinta ba. Har yau ba a shimfiɗa riga a unguwarmu.

To, ga nasihar Rabin Mushe, rabi ce ita ma. In aka ba ku amanar kuɗin majinyaci, ko tamma ta rage ku mayar. In kuma aka ce wane yana kwance ba kuɗin magani, ku je ku gani da idonku, ku bayar. Wataƙila wani irina ya cuce ku wata rana. Ku bayar duk da haka. Wanda ke kwance bai san ni ba, ba shi ya ci kazar ba.

Rigar tana nan a ɗakina. Warin jimar bai fita ba, ni ma ban wanke ta ba.