Yatsan nawa ne, maganar ba tawa ba ce

Babban yatsana ne ya kai mutum gidan yari. Haka abin yake, ba zan yi masa kwaskwarima ba.

Da kaka ne, a ƙauyenmu can wajen Miga. Shanu suka shiga wata gonar gero, aka yi rigima, aka fasa wa mai gonar kai. Ina dawowa daga itace na ga shanun, na gane na makiyayin nan ne da matarsa ke kawo mana nono. Shanu na gani. Ban ga lokacin da aka yi dukan ba.

Aka kira ni shaida. Wani ɗan sanda ya yi ta rubutu da Hausa, ya ce, "Iya, kawo hannu." Ya danna yatsana a tawada ya dangwala. Bai karanta mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Aka kai makiyayin gidan yari a Dutse, wai jiran shari'a. Matarsa ta tare ni a bakin rijiya.

"Inna, ke kika ce kin ga ya ɗaga sanda?"

"Wallahi ban ce ba."

"To yatsan wa ke kan takardar?"

A cikin satin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Matan unguwa suna ta dariya: "Haƙora sun ƙare, sai yanzu za a fara baƙi da wasali?" Na ce, "Da haƙori kuke karatu?"

Damina biyu makiyayin yana ciki, sannan aka kira shari'ar. Na hau mota na tafi Dutse. Magatakarda zai karanta shaidata, na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni in karanta da kaina."

Alƙali ya dube ni. "Iya, kin iya?"

"A hankali dai."

Na ɗora yatsan nan a kan layi ina bi, harafi harafi. Wani a baya har da tsaki. Da na iso wurin da aka rubuta wai na ga makiyayin ya bugi mai gonar da sanda, na tsaya.

"Ranka ya daɗe, yatsan nawa ne. Maganar ba tawa ba ce."

Babu wata shaidar sai tawa. Aka sallame shi. Ya fito a rame, rabin shanunsa sun tafi. Bai gaishe ni ba, ban kuwa ga laifinsa ba. Shi kuma wanda ya yi dukan, ko wane ne, har yau ba a neme shi ba. Yana nan cikinmu da sandarsa.

Abin da nake so hukuma ta gyara ba shi da yawa. Kada a sa mutum ya dangwala sai an karanta masa. Kada a ajiye ɗan mutane damina biyu ba a yanke komai ba.

Kafin su gyara, duk matar da aka kira shaida a ƙauyenmu, ni ke raka ta. Kwanan baya wani ɗan sanda ya ce, "Iya, lauya kika zama?"

Na ce, "A'a, ɗana. Miƙo takardar."