Yadda na wanke teku a Guyuk

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya daga tashar Mubi, ni da 'yar ƙanwata mai karatun duwatsu a jami'a. Shekara arba'in na yi ina haƙar rijiya. Bokona kuwa aji biyu ne, na biyun ma a bakin taga na yi shi. Ta ce in raka ta Guyuk in riƙe mata diga, wai za ta nemo shaidar wani teku da ya taɓa kwanciya a can tun ba a halicci ɗan Adam ba. Na ce to, ko ba teku ai na sha iska.

Hanyar Hong zuwa Gombi ta girgiza mana hanji. A Song muka karya da ƙosai, guda ɗaya bai kai idon saniya ba, kuɗinsa kuwa na ƙosan da ne har uku. Muka ratsa Jimeta, muka ci kifi a Numan, la'asar sakaliya muna wani ƙauye a bayan Guyuk. Mai gari ya ba mu ɗaki biyu.

Wurin aikin wani kwazazzabo ne da ruwan damina ya yanka, zurfinsa ya kai gaba shida. Nan na ga abin da na saba gani a cikin rijiya, ƙasa hawa-hawa: dutsen yashi a gindi, baƙar laka a kansa, sai farin dutse, sai laka kuma. Ta ce yashin na kogi ne, lakar da farin dutsen kuwa teku ne ya ajiye su. Wanda ke ƙasa ya girmi na sama, da jerin ne ake gane zuwan ruwan da janyewarsa. Cikin farin dutsen ga ɓawon halittun ruwa birjik. Ɗaya ma a nannaɗe yake kamar ƙahon rago, shi kaɗai muka samu, ta kusa yin rawa.

Kwana biyu ina sara tana ɗauka. Kowane dutse da ledarsa, ta rubuta a jikin ledar daga hawan da ya fito. Leda goma sha bakwai.

Da yammacin rana ta biyu ta tafi yi wa matan mai gari sallama. Na dubi duwatsun nan duk laka, na ce abin da za a kai gaban manyan malamai ba ya tafiya da dauɗa. Na juye su a bokiti ɗaya, na wanke su tas da sabulu, na jera su bisa tabarma, manya gefe, ƙanana gefe, kamar mai kasa albasa. Ledojin ma na ɗauraye na shanya.

Da ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tabarmar.

"Kawu, wanne ya fito daga ina?"

"Duk daga ramin mana."

Ta zauna a ƙasa. Hutun da aka ba ta gobe zai ƙare, ga hadari ya fara haɗowa. In ruwa ya sauka a kwazazzabon, sai baɗi, karatunta kuma ba zai jira baɗi ba.

Gari na wayewa na kinkimi bokitin muka koma. Mahaƙin rijiya da harshe yake sanin ƙasa. In lasa dutse, in murza a haƙori, in lasa bango, in ce mata nan ne. Ba ta yarda da bakina ba, kuma tana da gaskiya: duk inda na nuna sai ta sa na saro sabo. Mai ƙahon ragon ne ba shi da na biyu. Na bi farin dutsen da tafin hannu taku-taku har azahar, gwiwoyina suna kuka, kafin na taɓo gurbin da muka ɓanɓaro shi. Na sa shi, ya zauna daram. Ta ɗauki hoto, ta auna, sannan ta juyo ta dube ni.

"Kawu, kada ka ƙara taɓa sabulu sai mun je gida."

Uku daga cikin duwatsun ban gane mazauninsu ba, can muka bar su. Muna hawa mota yayyafi ya fara.

Mun shigo Mubi duwatsun Gella sun yi shuɗi da ruwan sama. Ta ce binciken masana ya nuna tekun bai hau nan ba, tudu ne tun fil azal. Na shiga lissafin rijiyoyin da na haƙa a ƙasar Numan da samartaka, in tara ƙasar sama da ta ƙasa tsibi guda in tafi. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne dutse shaida ne muddin an san inda ya kwana. Ashe ɓarnar da na yi a bokiti ɗaya na shekara arba'in ina yin ta, sai dai a lokacin ba wanda ya zauna a ƙasa saboda ni.